Baƙar Waya Mai Ƙulli

Abin nan ya faru ne rani biyu bayan kullen cutar nan da aka hana mutane kasuwa da masallaci, kafin shekarar da aka canza kuɗi jama'a suka riƙa wuni a layin banki. In kuna so ku gane lokacin sosai, ranin ne da tumatur ya yi kwantai har ana juye shi a bakin titin Zariya, shanu na bi suna tattakewa. A ranin nan aka ce za a ɗauki muryar Yaya.

Yaya ba 'yar'uwata ba ce ta jini. A gonar aikatau muka haɗu, ina budurwa ina bin kakata tsinkar tumatur, ita kuwa ta yi aure ta fito. Lokacin ruwan Tiga bai daɗe da isowa ƙasarmu ba. Ita ke ba da waƙa, mu mu amsa. Daga gona muka koma yi a gidajen biki, cikin mata, da ƙwarya a kan ruwa. Ni ce babbar mai amshinta, kuma ba yabon kai ba, ba a yi wadda ta iya tarar numfashin Yaya kamar ni ba. Kafin ta sauke na ɗauka.

Tana da wata waƙa da muke kira waƙar ruwa. Ita ta ƙaga ta. A ciki take lissafa abin da ya faru da aka zo aka auna gonaki aka yanka su fegi-fegi: gidan da aka sare wa ɗorawa, gidan da rijiyarsu ta faɗa cikin magudana, wanda aka ba shi a bakin ruwa, da wanda aka jefa can ƙarshen layi inda ruwa ke isowa a gajiye. Gari-gari take bi, daga Kadawa har ƙauyukan bayan Bunkure. In ta ja ta duka, takan kai mu daga hantsi zuwa kusan azahar. Ni amshi na sani, da baiti huɗu na farko. Sauran duk a kanta suke, ba a kan kowa ba.

Da daminar da ta gabaci ranin nan Yaya ta faɗi sau ɗaya. Hawan jini. Bakinta ya ɗan karkace, ya dawo. Tun daga nan ta fara cewa waƙar na yi mata nauyi, tana so ta sauke ta a wani wuri kafin a zo ɗaukarta.

Mijin 'yata ta uku yana da shago a Kura, a jikin gidansu. Gaban shagon wurin cajin waya ne, da sola a kan rufi. Can ciki akwai ɗan ɗaki da ya liƙe bangonsa da kiret ɗin ƙwai da tsohuwar katifa, shi suke ce wa situdiyo. A nan yake ɗaukar waƙoƙin biki da tallan maganin feshi. Shi ya ji labari, ya aiko 'yata ta ce in Yaya za ta yarda, zai ɗauke ta kyauta, don girmamawa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, da zuciya ɗaya ya yi.

Sai dai ku san wani abu. Shekara goma sha takwas yana auren 'yata, ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. In ya zo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ni kuwa in juya fuska bango in amsa. In ina da magana da shi, 'yata nake faɗa wa, ko da yana tsaye a wurin, ita ta juya ta faɗa masa. Haka na taso na ga uwata na yi, kuma ina alfahari da ban taɓa karya shi ba.

Ɗan Yaya ya kawo ta a kan mashin ranar Alhamis da yamma, daga ƙauyensu na bayan Bunkure. Ya ce ranar Lahadi zai dawo ya ɗauke ta, saboda maganinta da kuma ba ya son ta yi nisa da gida. Kwana uku ke nan aka ba mu.

Muna isa surukin nawa ya ce a shiga a gwada. Na ja mayafi na zauna a kusurwa, 'yata a tsakaninmu. A kan teburinsa akwai kwamfuta, a gabanta kuma wani ɗan allo baƙi mai tsawon kamu biyu, da 'yan maɓallai takwas da ake turawa sama a jawo ƙasa. Ya ce wa 'yata ta gaya mana sabo ne, daga Kano ya sayo shi. Kowane maɓalli na murya ɗaya ne. Ya tura ɗaya, sai na ga wani a fuskar kwamfutar ya bi shi ya hau. Ya jawo, ya sauko.

Yaya ta ce, "Au, ashe ƙofar ruwa ce. Ka buɗe wa wannan, ka toshe wa wancan."

Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Yaya haka ne."

"To nawa ka buɗe shi har ƙarshe. Na wannan tsohuwar ka rage, ta cika ƙara."

Na ce wa 'yata, "Ki gaya masa ƙarar tawa ce ta riƙe ta shekara arba'in."

Ta yi baiti ɗaya, na amsa. Ya mayar mana muka ji. Jama'a, ban taɓa jin muryar Yaya daga waje ba, kullum a gefen kunnena take. Tsigar jikina ta tashi. Ita kuwa ta ce, "Ashe haka nake." Amma hanya ta gajiyar da ita, numfashinta na sama-sama. Aka ce a bari sai da safe. Wannan baitin ma bai ajiye ba, ya ce gwaji ne, gobe za a yi na gaske.

Ni mace ce mai ido. Wadda ta yi shekaru tana tsinkar tumatur ta san wanda tsutsa ta shiga tun bai nuna ba. Da nake zaune a kusurwar nan ba na kallon fuskarsa, to hannunsa da kayansa nake kallo. Wayar da ta haɗa allon da kwamfutar baƙa ce, mai kauri, da wani ƙulli kusa da bakinta kamar ƙwallon dabino. Na gan ta sarai.

Ranar Juma'a da hantsi muka shiga. Yaya ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki. Ya kunna kaya. Fitilun allon suka kama, ja da kore. Ya tura maɓalli. Na fuskar kwamfutar bai motsa ba. Ya sake turawa. Ya bi su takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Shiru.

Ya ce, "A yi haƙuri, minti biyu."

Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya zare wayar daga wannan rami ya soka a wancan. Ya buɗe wani wuri a kwamfutar da ya ce a nan sunan allon ke fitowa, ya ce babu sunan, kwamfutar ba ta ma san an jona mata wani abu ba. Ya hura ramukan da baki. Ya ce ko wutar sola ce ta yi ƙasa, ya fita ya tayar da janareta. Duk ɗaya.

Can ya ce, "Ina jin direba ne ya gudu."

Yaya ta ce, "Wane direban? Na motar tumatur? A aika Garun Malam mana, can suke shan shayi."

Ya yi murmushin dole, ya ce wani abu ne a cikin kwamfutar da ke yi musu tafinta ita da allon. Zai goge shi ya sauko da sabo. Saukowar kuwa sai da ya hau kan gaɓar magudana yana ɗaga hannu sama yana neman sabis. Muna nan zaune har aka kira sallar Juma'a.

Ni kuwa tun shigarmu na ga abin da na gani. Wayar da ke jikin allon ba ta jiya ba ce. Fara ce, siririya, irin wadda ake sayarwa a faranti ranar kasuwa. Na leƙa ta ƙofa, ga teburin caji can da wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya, ga baƙar can a cikinsu, an jona ta a wayar wani. Daga baya na ji yadda aka yi: da asuba wani dillalin tumatur ya kawo caji yana sauri, surukin nawa ya zari wadda ta fi kusa da hannunsa, da zai mayar kuma ya ɗauko wata. Bakinsu iri ɗaya ne.

Da ya dawo daga masallaci ya sake zama, na taɓo 'yata. Na ce mata a hankali, "Ki ce masa ya duba wayarsa. Ya koma wa waccan wayar."

Ta juya ta ce, "Inna ta ce wai ka koma wa wayarka."

Kun ga inda aka samu matsala. Ni wayar jonawa nake nufi. Ita ta ɗauka wayar magana. Shi kuwa ya ɗauka cewa na yi ya bar wannan kayan ya ɗauke mu da wayar hannu, kamar yadda 'yan mata ke ɗaukar junansu a gidan biki. Na ga wuyansa ya ƙage. Sannan ya ce wa matarsa, ba ni ba, "Ki ba Inna haƙuri. Ki ce mata ban kira su don in wulaƙanta su ba. Muryar Yaya ba ta wayar hannu ba ce. In na kasa, zan faɗa da bakina na kasa."

Yaya da ba ta san kan zancen ba ta kama masa. "Gaskiyarsa! Ni zan tsaya ina yi wa waya waƙa? Ke ma dai. Bar yaro ya yi aikinsa."

Da muka shiga gida na jawo 'yata ɗaki. Na ce, "Ke, ba wayar magana na ce ba. Igiyar nan da ke tsakanin allon da kwamfutar. Ba ta jiya ba ce."

Ta sauke numfashi, irin wanda ake yi wa yaro mai naci. Ta ce, "Inna, don Allah ki bari. Ransa ya riga ya ɓaci. Ba ki ga fitilun sun kama ba? Da igiyar ce ai wuta ba za ta zo ba. Shi da ya yi karatun abin yana fama, ke me kika sani a kwamfuta?"

Ke me kika sani. 'Yar da na haifa, na goya ta a bayana ina sunkuye a gonar mutane. Ban zage ta ba. Na ce, "Haka ne." Na kulle bakina. Na ce a raina, to masu karatu, ga fili nan. Kuma in faɗi gaskiya, maganar fitilun ta ɗan shige ni. Na ce in na nace aka canza bai yi ba fa? A yi wa tsohuwa dariya a shagon surukinta, gaban masu karɓar caji? Yaya ma ban gaya mata ba, don na san bakinta, a take za ta fesa.

Asabar ta zo ta wuce a haka. Ya kalli bidiyon wasu Turawa suna nuna yadda ake yi, ya bi, bai yi ba. Ya goge manhajar ɗaukar waƙar gaba ɗaya ya sake zubawa, wannan kaɗai ya ci rabin wuni. Ya kira wanda ya sayar masa da allon suka yi ta sa-in-sa, wancan na cewa lafiya lau ya bayar, shi yana cewa an sayar masa da gawa. Gumi ya jiƙa masa riga. Yaya ta sake sa kwalli ta zauna gaban makirfo, hannuwa a cinya. Wani lokaci in ga leɓenta na motsi, tana bitar baitoci. Da azahar ta ce, "Ɗan nan, in ƙofar ta ƙi buɗuwa mu a gona fasa kunya muke yi ruwa ya wuce." Kunyar gona take nufi. Ni kuwa na ji maganar ta sauka a wani wuri dabam, na ƙara jan mayafi.

Taku uku ne tsakanina da teburin cajin nan. Na ƙirga su. In tashi, in wuce ta gabansa, in zaro baƙar wayar, in ajiye masa a kan tebur, ko magana ba sai na yi ba. Sau nawa na motsa ƙafa. Sai in tuna shekara goma sha takwas, in tuna "me kika sani", in koma in zauna. Ina cewa ai akwai gobe, in ma ba a yi yanzu ba a yi bayan sallah.

Ranar Lahadi da hantsi ɗanta ya zo. Surukina ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ya ce da ya gyara zai ɗauko kayan ya bi ta har gida. Ta dafa kansa ta ce, "Ba komai, ɗana. Amma ka yi sauri, ni ba ta ajiya ba ce." Ta hau mashin, ta juyo ta ce mini, "Ke kuma ki rage kumburi, kwana uku kina zaune kamar an aiko ki ta'aziyya."

Kwana tara bayan nan ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya tafi.

Ba a fi mako guda da faɗuwarta ba wani abokin surukina ya zo daga Kano, mai irin wannan sana'ar. Aka aiko in zo, wai ko abin da na sani a ɗauka in an samu ya gyaru. Na je. Baƙon ya zauna, ya tura maɓalli, ya leƙa inda suna ke fitowa, ya kama farar wayar ya murza ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Kai, wannan ce wayar da ya zo da ita?"

Surukina ya ce, "Waya ai waya ce. Ga wuta ta kawo."

"Wuta kaɗai ta kawo. Wannan ta caji ce zalla, ba ta ɗaukar saƙo. Ina tasa ta asali?"

Suka fara dube-dube, ƙarƙashin tebur, cikin kwali. A nan ne na buɗe baki. Ban bi ta kan 'yata ba, ko da tana tsaye. Na ce, "Baƙa ce, mai ƙulli a wuya. Tana can cikin na caji, ta uku daga bango."

Baƙon ya je ya zaro ta, ya jona. Ya tura maɓalli, na fuskar kwamfutar ya bi shi ya hau. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ya ƙara da cewa, yana dariya don bai san abin da ake ciki ba, "Kai ma da abinka. Ai ko babu allon nan kana iya ɗauka da linzamin kwamfuta, ka gyara sautin daga baya. Allon sauƙi ne kawai."

Surukina ya juyo, karo na farko muka haɗa ido. Ya ce, "Inna, kin sani?"

Na ce, "Na faɗa ranar Juma'a."

'Yata ta toshe baki ta fita. Ban bi ta ba.

Washegari ya ɗaure kayan a mota muka tafi ƙauyen su Yaya. Tana kwance a kan tabarma a rumfa, an jingina ta da filo. Idonta ras, ta gane kowa. Ya shimfiɗa kayansa, ya kafa makirfo biyu, ɗaya a gabana ɗaya a gabanta, ko Allah zai sa. Aka ce ni in bayar. Ni da ban taɓa bayarwa ba.

Na yi baiti na farko, na amsa wa kaina. Na yi na biyu, na uku, na huɗu. Yaya na buga tabarma da hannun hagu, daidai kan kiɗa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Na zo na biyar. Na san a nan ake shiga gidan da aka sare wa ɗorawa bakwai, na san amshin da ke bayansa, amma kalmomin babu. Shekara arba'in ina jin su, ashe numfashinta nake saurare, ba maganar ba. Na tsaya. Ta buga tabarma da ƙarfi. Bakinta ya buɗe, wuyanta ya ɗaɗɗaure, wani sauti ya fito wanda ba na so in kwatanta. Ta sake bugawa. Tana da shi, duk yana nan a kanta, ina kallonsa a idonta. Surukina ya tura maɓallinta har ƙarshe. Abin da ya shiga shi ne bugun tabarma da wannan sautin.

Na ce ya kashe. Da bakina na faɗa masa.

Ta ƙara wata biyu ta rasu, ana gab da shukar shinkafar damina. Abin da aka ɗauka ranar yana nan a kwamfutarsa. Ya sha aikowa yana tambaya ko ya sa mini in ji, ko ya ba 'ya'yanta. Na ce kada ya kuskura.

Mutane suna cewa ƙaddara ce, kuma ban musa ba. Amma na san wanda ya ƙi sauka daga kan girman sana'arsa, na san wadda ta raina uwarta, na san wadda ta zauna taku uku da maganin abin tana gadin mutuncinta. Yanzu muna magana da shi kai tsaye, ni da surukin. Matan unguwa har gulma suke, wai tsufa ya cire mini kunya. Ba na tanka musu. 'Yata kuwa muna gaisawa, tana kawo mini abinci, ina sa mata albarka. Maganar ranar nan ba mu taɓa tayar da ita ba.

Mu tara ne muke bin Yaya gidajen biki. Yau saura uku. Akwai mai kiɗan ƙwarya, tana Garun Malam wajen ɗanta, idonta ya tafi amma hannun na nan. Akwai ƙaramarmu da aka kai Kadawa, ta daina waƙa tun da ta dawo daga Makka, ko gaisuwa aka je ba ta son a ɗauko zancen. Na je wurin kowacce na tambaye ta baiti na biyar. Mai ƙwarya ta ce ita kiɗa take bi. Ta Kadawa ta ce in ji tsoron Allah in kama carbi. Sai ni.